Mai Tsaron Rigunan Baƙi

Duk wanda ya taɓa koyarwa a garinmu ya san darasin da ake yi don baƙi wasan kwaikwayo ne. Manya za su zo daga ofishin ilimi su jeru a bayan aji, yara kuwa tuni an raba musu amsoshi sun haddace. Ni Taisiya Arkadyevna a kan koyar da Rashanci na yi furfura, ban taɓa son abin ba, amma ina yi. Na bana ne ya tsaya mini a wuya, saboda ɗalibata Mehrangez.

Iyayenta daga Tajikistan suka zo, suna sayar da busassun 'ya'yan itace a kasuwa. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne abin da ke ba kowane baƙo wuya. Kowace kalmar aikatau a harshenmu fuska biyu gare ta, ɗaya ta abin da aka yi aka gama, ɗaya ta abin da ake ta yi. Ɗan gida a nono yake tsotsar wannan. Baƙo kuwa da ya ce "ina so in" sai ya tsaya cak yana laluben wadda zai ɗauka, 'yan aji suna ƙunshe dariya. Tun ganye na zuba har ƙanƙara ta rufe kogi muna zama ni da ita bayan an tashi. Ta yi kuka, ta ciji magogin fensir, amma ta iya.

Mataimakiyar shugabar makaranta, Rimma Eduardovna, ita kuma ta kafe sai an mayar da yarinyar ajin baya, cikin ƙananan yara.

"Taya, ki daina wahalar da kanki," ta ce mini da gajeren sunana a ɗakin malamai tana motsa shayi. "Yarinyar nan ja mana baya take yi."

"Kin taɓa jin ta a 'yan kwanakin nan?"

"Na ji ta bara, ya ishe ni."

"To ki ji ta ranar da baƙi za su zo. Darasina a kan babin da ke ba ta wuya ne. In ta amsa a gabansu, maganar ajin baya ta mutu."

Ta yi wani murmushi mai sanyi. "Yadda kika ce, 'yar uwa."

Na gaya wa Mehrangez. Ban ba ta amsa ta haddace ba, ita kanta ta ce ba ta so, wai a tambaye ta kowace.

Ranar ta zo. Baƙi suka shigo suna goge tabarau, Rimma Eduardovna na gaba tana zuba ƙamshi. Na duba layi na biyu kusa da taga, kujera babu kowa. Yarinyar da ko zazzaɓi ba ya hana ta zuwa!

"Ina Mehrangez?" na tambayi aji.

Yara suka sunkuyar da kai. Daga baya can Rimma Eduardovna ta amsa da murya kamar zuma: "An ba ta aikin girmamawa yau. Ci gaba, Taisiya Arkadyevna, baƙinmu na jira."

Na ci gaba cikin takaici. Tambayar da na ajiye mata, wani yaro Gleb ya karɓe ta ya rero kamar aku, bai ma san abin da yake faɗa ba. Baƙi suka gyaɗa kai, wata har da cewa rabonta da aji mai tsabtar harshe irin wannan an daɗe. Tsabta!

Aka kaɗa ƙararrawa, aka ja su ɗakin malamai cin fanke da kek. Na tare Rimma Eduardovna a bakin ƙofa.

"Ina kika kai mini ɗaliba?"

"Rage murya, Taya, ba kasuwa muke ba. Mutuncin makaranta na kare. Da ta yi in-ina a gabansu fa? Ke ma gode mini za ki yi."

"Kin hana ta magana, gobe kuma ki ce ba ta iya ba. Ko kunya ba ki ji?"

Ko a jikinta. Ta gyara ɗankunne ta shige wajen baƙinta.

Na sauka ƙasa nemanta, har ɗakin rataye rigunan sanyi. Can na same ta tsakanin jiƙaƙƙun rigunan baƙi, an ɗaura mata jan ƙyalle a damtse irin na ɗaliban da aka ba aikin tsaro a ranar. Farar rigarta ta sha guga, uwarta ta yi mata kitso biyu da farin ribon. A tsaye take ƙyam, ƙanƙarar da ke narkewa daga riguna na ɗiga a kan takalminta.

"'Yata," na ce.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta kwance jan ƙyallen, ta ninke shi da kyau ta miƙo mini.

"Taisiya Arkadyevna, na gode da kika koya mini. Amma ba na so in riƙa zuwa nan kuma. Zan gaya wa Baba gara in taya shi a kasuwa."

A hankali ta faɗa, ba ta tsaya laluben komai ba, babu kuskure ko ɗaya. Ba wanda ya ji sai ni da riguna.