Juya tayar Haladu

A damunar shekara ta 1955 ciwon bushiya ya faɗa wa shanun ƙauyen Achika. Haladu malamin dabbobi ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a Wudil, shi ne zai kai musu allura. Ruwan allurar ya iso daga Kano da hantsi cikin akwatin ƙanƙara, aka ce in azahar ta wuce bai shiga jikin shanu ba, ya lalace.

Babur ɗin Haladu irin na shiga daji ne, tayarsa mai manyan haƙora. Amma tayar baya ta cinye. Sau biyu a makon nan yana zuwa rafin da ke hanyar Achika, ya tsallaka ruwa, ya kasa hawan gaɓar laka, ya dawo. Sabuwar taya kuwa sai wata mai kamawa.

Ya turo babur ɗin rumfar kawunsa Gwadabe. Gwadabe maƙeri ne, da ƙarfinsa ya ragu ya koma gyaran kekuna. Bai taɓa kwance babur ba.

Bayan sun gaisa, Haladu ya ce, "Kawu, makanikin Kano ya ce ta mutu."

Gwadabe ya matso kusa da babur ɗin. Ya tsuguna, ya bi haƙoran tayar da babban yatsa. Ta gefen da ke tura ƙasa sun yi sumul kamar dutsen guga. Ya mayar da yatsa ta ɗaya gefen, ya ji kaifi.

"Rabinta ya mutu," in ji shi. "Miƙo liba in ɓamɓare ta."

Isyaku direban lori, Bazazzagi, abokin wasan Gwadabe, yana kan benci yana cin goro. Ya tuntsire da dariya.

"Kai, Kanawa! Ku ne kuke juya tsohuwar riga ku je sallar idi. Dattijo, wannan ba keken mai kiɗan ƙwarya ba ne."

"Bawa, yi shiru, iyayengijinka na aiki," in ji Gwadabe.

Ya kwance ƙafar baya, ya sace iska, ya ɓamɓare tayar daga wili. Robar ta yi tauri, sai da jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya juya ta, gaba ya koma baya, ya mayar, ya buga iska. Bai cika ta ba, ya bar ta da ɗan laushi don ta shimfiɗu a kan laka.

Sannan ya dubi Haladu.

"Saurara. Kaifin nan da yake a baya shi ne ke riƙe ka in ka taka birki. Yanzu na ba hawa shi. Za ta hau, ba za ta tsaya ba. In ka zo gangaren rafi, ka sauka ka ja shi da hannu."

Haladu ya dubi farin kakinsa. "Kawu, gaban mata masu wanki? Malamin En'e guda?"

"Shanu ba su san malami ba."

Gwadabe ya hau kekensa ya riga shi zuwa rafin. Isyaku ya ari wani keken ya biyo shi, wai ba za a ba shi labarin faɗuwar Bakano ba.

Ga Haladu nan tafe, akwatin a ɗaure a bayan sirdi. Ya doso gangaren bai rage gudu ba. Gwadabe ya tsaya a gefen hanya, hannuwa a baya. Bai ɗaga murya ba, ido kawai ya kafa masa.

Saura taku goma, Haladu ya tsaya. Ya sauka. Ya riƙe kan babur ya gangara da shi sannu, laka har gwiwa. Matan suka yi shewa, wata ta ce, "Malam, a kawo kakin a haɗa da wanki!"

Haladu ya tsallaka ruwa, ya hau babur ɗin, ya ba shi wuta. Tayar ta yi juyi ɗaya a banza, ta watsa laka. Isyaku ya buɗe baki zai yi magana. Sai haƙoran suka ciji ƙasa. Babur ya yi gurnani, ya hau gaɓar daki-daki kamar akuya a kan tsauni, ya ɓace cikin dawa. Rana ba ta kai tsaka ba.

Gwadabe ya naɗe wando, ya tsallaka, ya tsuguna a gaɓar. Sawun tayar na nan a laka, kowane haƙori da ramin da ya yanka, kamar an sara da kurfin maƙera. Ya sa yatsa a ɗaya ya auna zurfinsa.

Isyaku ya kira shi daga hayi. "Dattijo! Tayoyin lorina fa?"

Gwadabe ya miƙe, ya wanke hannu a rafi.

"Ka kai wa makanikin Kano," in ji shi.