Cibiyar Suhaib

"Mama, me ya sa kika ɓoye ƙazantar jariri a gwangwanin alewa?"

Afrah ce ta yi tambayar, da Hausarta mai tauri irin ta yaran unguwar Dagenham ta birnin Landan, kuma a gaban kakarta. Ikram ta karɓe gwangwanin daga hannun 'yarta. Cibiyar jaririnta Suhaib ce a ciki, naɗe da farin ƙyalle tun ranar da ta faɗi.

"Ba ƙazanta ba ce, uwar surutu," in ji Hajiya Karimatu, surukar Ikram, wadda ta zo daga Zariya taya ta jego. "Cibiyar angona ce. Ranar Asabar zan tafi da ita, a binne ta a bayan ɗakina, inda ta ubanku take. Taki ma tana can."

Ikram ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba. Ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, da so samu ne, a nan za a binne ta."

"A gidan haya? Zanen aro ba ya rufe katara, 'yar nan."

Da gaskiyarta. Ƙasar da layinsu yake kai ta wata ma'aikatar gwamnati ce, saboda haka a da ko mai hali ba ya iya sayen gidan da yake haya. Sai kwanan nan gwamnati ta yi amfani da ikonta ta mayar da filin hannun council, wato ƙaramar hukumar yankin, aka ce wanda ya daɗe a gida zai iya neman sayensa. Maƙwabta duk sun nema. Maje, mijin Ikram, ya ƙi. Tun kafin a haifi Afrah yake cewa baɗi za su koma gida.

"Hajiya, lokacin da aka tashe mu daga gidanmu na farko, Afrah sai da ta daina magana a makaranta," in ji Ikram a hankali. "Ba na son shi ma ya tashi yana kwana kusa da akwati."

Tsohuwar ta juya wajen ɗanta, wanda ya dage da kallon kofin shayinsa.

"Kai, da gaske ana sayar muku da ƙasar?"

"Ana sayarwa, Inna, amma ai mu tafiya za mu yi."

"Yaushe?"

"Baɗi, in Allah Ya yarda."

"Baɗin nan naka ya kusa yin furfura. Ɗakin da na ajiye maka, masara ke kwana a ciki."

Ta miƙe ta ce a ba ta fartanya. Babu fartanya a gidan, sai Ikram ta miƙa mata babban ludayin ƙarfe. Ana yayyafi, tsohuwar ta durƙusa a ɗan lambun bayan gida, ta haƙa rami a gindin shinge, ta yi bisimilla ta saka ƙyallen. Ta daɗe tana danna ƙasar da tafin hannu, fiye da yadda aikin yake buƙata.

"To, na binne," ta ce wa Maje, ba tare da ta ɗago ba. "In ka bari wani ya sayi ƙasar da cibiyar jikana take ciki, kai da Allah."

Maje ya sosa ƙeya, ya matso kusa da matarsa.

"Maman Afrah, ƙarfe nawa council suke buɗewa gobe?"

Kai kuma mai karatu, idan ziyara ta kai ka gidan, ka ga ciyawa ta yi tsawo a gindin shinge, kada karambani ya sa ka ɗauki shebur. Ikram mace ce mai kawaici, amma ba a kan wannan wurin ba.