Kalmasar da Ba a Warware Ba

Mai kitso ba ta taɓa sayen kayan makaranta daidai jikin yaro ba. A ganinta wannan aikin masu kuɗin banza ne. Babba take saye, ta naɗe ƙasan rigar zuwa ciki, ta ɗinke da allura, duk shekara ta warware kaɗan. Mijinta kan tsokane ta cewa 'ya'yanta ne kaɗai ke tafiya makaranta cikin labule. Ita kuwa ko a jikinta.

Haka ta yi wa babbar 'yarta, wadda uban ke kira Guntuwa don ta ƙi tsawo. Ranar da ta zauna ɗinkin farin zare ya ƙare, ta ce ba za ta sayi wani ba tunda akwai kore a gwangwani. Guntuwa ta tura baki, wai ƙawaye za su yi mata dariya.

"A ciki yake, wa zai gani? Baɗi idan kin yi tsawo sai mu warware."

Baɗin bai same ta ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta cikin hutu. Uwar ta ƙulle kayanta a zani, ta ba maƙwabciya ta ce ta kai su nesa, kada ta gaya mata ina.

Bana ƙanwar, Auta, za ta shiga makarantar. Sabon yunifom ya yi tsadar da ko tambaya ba a yi, sai suka nufi layin 'yan gwanjo, inda riguna ke rataye a igiya suna warin ajiya. Auta ce ta zaro wata shuɗiyar riga daga ƙasan tari, ta kara a ƙirjinta.

"Umma, wannan nake so."

Uwar ta karɓa, ta yi abin da ta saba yi wa kowace riga: ta juya ƙasan ta ga ko an bar yadi. Koren zare ne. Ɗinkin hannu, mai ɗan karkata hagu, da ƙulli biyu a ƙarshe. Duk duniya mutum ɗaya ke ƙulla zare haka.

"Hajiya, kin iya zaɓe," in ji mai gwanjo. "Uwar mai rigar nan ta san darajar kuɗi. Dubi yadin da ta bari, ko taɓa shi ba a yi ba."

Ta so ta ajiye. Ta tona tarin har ƙasa, ta leƙa rumfar gaba da ta gabanta. Sauran duk ko sun yage a hammata ko sun yi wa Auta kaɗan. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada ta sa wa mai rai rigar wadda ta tafi, abin ya biyo ta. Amma makaranta ba ta karɓar yaro ba yunifom, kuma jibi za a koma. Ta biya ba ta nemi ragi ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

A gida ta wanke rigar, ta sake wankewa. Da Auta ta saka ta juya baya, sai uwar ta dafa bango. Kafaɗun nan ne, da ɗan tabon biro a aljihu. Saura kaɗan ta kira sunan da ba a kira a gidan.

"Umma, ta yi mini gajarta. Dubi gwiwata."

Gaskiya ne. Auta ta wuce yayarta tsawo, ba wanda ya lura da ranar da hakan ta faru.

Uwar ta ɗauko reza ta zauna bakin gado. Tana tsinke koren zaren ɗaya bayan ɗaya, yadin na saukowa, shuɗi shar kamar yau aka yanko shi a kanti, alhali saman duk ya koɗe. Ta sa dutsen guga ta danne layin naɗin, ta yayyafa ruwa ta sake dannewa. Layin ya ƙi ɓacewa.

"Wa ya ɗinka da kore?" Auta ta tambaya, tana tsince zaren daga tabarma.

"Wata ce mai rowar zare."

Ranar komawa ta tsaya a ƙofa tana kallon bayan yarinyar har kwanar layi. Daga wuya zuwa gwiwa Guntuwa ce ke tafiya makaranta. Sabon yadin da ke ƙasa, wanda aka ajiye wa baɗi, yana ta kaɗawa a ƙaurin Auta.