Turmin Bama

Ranar da aka shafa wa bangon gidansu jan fenti, alamar za a rushe shi, Zaituna ba ta yi kuka ba. Unguwar Nuzla ta Jidda kaf ana ta salati, ita kuwa sai ta ɗauko turminta ta hau dakan yaji, kai ka ce masu rusau za su tsaya cin tsire ne. Halinta ke nan tun tana yarinya, in abu ya dame ta bakinta ya mutu, hannunta ya kama aiki.

Turmin nan ba na itace ba ne. Kwanson harsashin igwa ne na tagulla, tsawonsa bai kai kamu guda ba. Mahaifinta Muntaka ne ya zo da shi daga ƙasar Bama ta can bayan Indiya, inda Turawa suka kai su yaƙar Japanawa yana saurayi. Yakan ba su labarin yadda aka loda su a jirgin ruwa suka yi ta amai har Indiya, da yadda ake kwance igwa gunduwa-gunduwa a ɗora musu a ka su hau dutse da ita, jirage kuma suna sako musu shinkafa da laima daga sama. Da aka gama yaƙi aka sallame shi, bai iya zaman gida ba. Ya kamo hanyar Makka a ƙasa, a Sudan wani maƙeri ya ƙara wa kwanson gindi ya zama turmi, da shi ya ci abinci har ya ƙetaro Jidda, da shi kuma ya ciyar da iyali.

Muntaka ya daɗe da rasuwa, kabarinsa ma babu mai iya nunawa, don a nan ba a sa alama. Hotonsa babu. Takardun zama da ya yi ta nema wa 'yarsa ba su taɓa fitowa ba, shi ya sa Zaituna, wadda aka yanke cibiyarta a Nuzla, har ta yi furfura ba ta da iƙama, katin izinin zama. Gidan da ya gina ga shi an sa masa rana. Abin da ya rage mata na uban nan nata turmin ne kawai.

Ɗanta Hashim shi ne ya yi sa'a. Bayan wahala mai tsawo ya samu kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa, ya samu iƙama, yana tuƙa ƙaramar motar kaya. Da safiyar da za su tashi, yana ɗaure tukwane, sai ya ga turmin an cusa shi cikin babbar tukunya an rufe da tsumma. Ya zaro shi ya ajiye gefe. Ya yi mata bayani da Hausarsa mai ɗingishi, rabi Larabci: an sa shinge a bakin unguwa, ana binciken kowace mota saboda ɓarayin waya da tagulla, wannan kuwa tagulla ne, ga lambobin soja da shekarar yaƙi an buga a jikinsa.

"Ummi, halas, ki bar shi," in ji shi. "A wurinki turmi ne, a wurinsu silah ne, makami. In suka gani, iƙamata ta tafi."

Zaituna ta ce to. Wanda ya san ta ya san wannan "to" ɗin ba ta alheri ba ce, amma Hashim yana cikin rana da igiya a hannu, bai tsaya dubawa ba.

Ta koma ɗakin da babu komai sai sawun gado a ƙasa. Ta naɗe turmin da tawul, ta sa masa 'yar hular jariri ta jikarta, ta duƙa ta ɗora shi a baya ta ɗaure da zani, ta ja majanyi ta tamke, ta yafa abaya a kai. Wa zai taɓa goyon tsohuwa? A iya saninta babu namijin da zai kai hannu bayan mace. Ta zagaya ta hau bayan motar ta zauna kan katifa, ta ɗaga murya ta ce wa Hashim gwiwarta ba ta son zaman gaba. Ya ce yalla, ya tada mota.

Suna tafe tana kallon unguwar da ta sani an yi mata kaca-kaca. Shagon mai burodi ya zama tarin bulo, gidan su Mastura aminiyarta saura bango ɗaya da fanka tana lilo. Nauyin tagullar yana danne mata ƙugu, amma ranta ya ɗan yi sanyi, tana ganin ta yi dabara.

A hanyar Madain Fahd layin motoci ya tsaya. Daga saman katifa tana hango komai. Ba kaya kaɗai ake dubawa ba, ana sauke mutane. Akwai kuma mata jami'ai. Ta ga an kai wata mai goyo inuwa, cikin mutunci, an ba ta ruwa, an ce ta kwance yaron ya sha iska. Matar ta kwance.

Zaituna ta sauko a hankali ta ƙwanƙwasa gilashi. Hashim ya juyo, ya dubi fuskarta, ya dubi tudun da ke bayanta da 'yar hula. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Leɓensa ne kawai ya hau rawa, irin yadda yake yi yana ƙarami in an kore shi daga makaranta don ba shi da takarda. Nan ta ji kunya ta kama ta, kunya mai zafi, ita da ta haife shi ta ɗauko abin da zai kashe masa rayuwa ta goya.

"Zan ajiye shi," ta ce. "Kada ka fito."

Akwai kwandon shara babba a gefen titi. Ta nufi bayansa. Da jifa ta yi da shi ta wuce, da magana ta ƙare. To amma hannun da ya goyi 'ya'ya da jikoki bai san wata hanyar sauke goyo ba sai guda. Ta duƙa, ta sassauta majanyi, ta zamo da shi ta gefen ƙugu tana tallafe da wuyansa, ta shimfiɗa kwali ta kwantar da shi. Ta ga rana na dukansa, ta ja shi inuwa, ta gyara masa hula. Ta ɗan tsaya a kansa tana motsa baki, hawaye na zuba. Sannan ta miƙe ta juya.

Wata Balarabiya da ke cikin mota kusa ta ga komai. Ta buɗe ƙofa tana ihu, tana nuna ta, tana cewa tsohuwa ta yar da jariri a shara. Ba mugunta ba ce, matar har kuka take. Kafin Zaituna ta yi taku biyu mutane sun taru, wani jami'i matashi ya ratso su a guje ya durƙusa ya ɗauki jaririn da hannu biyu. Nauyin ya ba shi mamaki. Ya buɗe tawul, hular ta faɗi, ƙamshin yaji ya buge shi har ya yi atishawa. Ya juya abin, ya ga lambobin. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya ce kowa ya ja baya, ya yi magana a rediyonsa.

Zaituna ta yi ƙoƙarin gaya masa turmi ne, na daka ne, ya girmi ubansa. Larabcinta na 'yar Jidda ne tsantsa, ya kuma saurare ta ba tare da tsawa ba. Ya ce mai yiwuwa gaskiya take faɗa, amma sai an bincika. Ya kira ta hajja, ya nemi iƙamarta. Ba ta da abin nunawa, shi ma ya gane.

Ta saman kafaɗarsa ta hango ƙofar motar Hashim ta buɗe, ƙafarsa ɗaya ta sauko. Ta zuba masa ido, irin kallon da take masa a gaban baƙi in ya miƙa hannu cikin kwano kafin manya. Ƙafar ta daɗe a ƙasa. Motocin baya suka fara matsa masa da ƙaho, layi ya motsa. Ƙafar ta koma ciki.

Jami'in ya tambaye ta da wa take tafe, wace mota ce tata, akwai wanda za a kira mata?

Motar ta zo daidai su tana tafiya kamar ba ta so, ga katifarta, ga tukwanenta a ɗaure, ga ɗanta riƙe da sitiyari yana kuka baki buɗe ba sauti. Zaituna ta kawar da kai ta dubi jami'in.

"A ƙasa na zo," ta ce. "Ba ni da kowa a garin nan."