Jar Rigar Farfesa Hammadu

Ruwan wankan gawa bai ko yi ɗumi ba, Haulatu ta leƙo ta gaya wa mijinta Mijinyawa an buga wa jami'a waya, motarsu tana hanya. Ya san halin garin nan na Enugu: in babban mutum ya rasu firji ake kai shi, ya yi sati uku cikin ƙanƙara ana buga katin gayyata.

Mamacin, Farfesa Hammadu, maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya. Falsafa yake koyarwa. Shekara shida Mijinyawa mai goro yana tambayarsa mece ce falsafa, kullum da wata tambayar yake komawa gida. Mutumin da ya yi karatu a Ingila, ya rubuta littafi uku, amma da ya dawo garin bayan yaƙin basasa ya ƙi gidan jami'a mai lambu, ya kama ɗaki biyu a unguwar Obiagu. Arzikin man fetur ya sa kowane malami ya sayi Fijo, shi yana bin motar haya. Unguwa ta ce boko ne ya taɓa shi. Sai shekaranjiya, numfashi na sama-sama, ya faɗi dalili: matarsa Hajo tana maƙabartar Hausawa tun kafin gudun da 'yan Arewa suka yi gabanin yaƙi.

"Kusa da ita, Malam. Kada rana ta faɗi ina waje."

To ga azahar ta wuce, tela bai gama likkafani ba, masu haƙa kabari sun aiko cewa sun ci karo da dutse. Mijinyawa yana zuba ruwa, kunnensa na bakin titi. Tsoro yake ji ƙwarai, don shi ba ɗan'uwa ba ne, ba shi da takarda ko ɗaya.

Suna ɗaure likkafani motar ta tsaya. Dakta Jerome, tsohon ɗalibin Farfesa, ɗan kudancin Zariya, ya fito da wasiƙa a hannu, jar rigar bikin jami'a a kafaɗa. Ya yi gaisuwa, ya ce an shirya wa malaminsu taron girmamawa. Mijinyawa ya tare ƙofa, ya maimaita wasiyyar yadda ya ji ta.

Jerome ya dubi wasiƙar da ke hannunsa.

"Baba, ya taɓa tambayarmu a aji, wa ke da mutum in ya mutu? Ba wanda ya ci." Ya ninke wasiƙar. "Ashe a nan ya bar amsar."

Ya sallami direba, ya shimfiɗa rigar a kan makara, ya sa kafaɗa.

Rana na kan dutsen Enugu suka gama rufewa, taku biyu daga Hajo. Da suka dawo Haulatu ta karɓi rigar ta rataye a igiyar shanya, jar ƙasa na zuba daga bakinta a hankali.