Shinkafar Malam Dattijo a Gonar Hambali

Mu goma sha ɗaya muka sauka a bakin kanal ɗin da ke bayan Kura, kowa da takunkumi a fuska, kowa da digirin noma a gida. Cikinmu babu wanda ya taka taɓo tun da muka bar jami'a. Ni takin zamani nake sayarwa a Kano, kuma ni ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ajinmu, muƙamin da ba ya kawo komai sai zagi a guruf ɗinmu na waya.

Abdulrauf ne ya kawo mu. Shi ne mai ƙwaƙwalwar ajinmu, ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje, korona ta rufe shi a can. Wata rana ya dawo daga sayen abinci ya tarar da jakarsa a bakin titi. Mai gidan ya ce baƙar fata ne ke yaɗa cutar. Otal uku ya je, duk suka kalli fuskarsa suka ce ɗakuna sun cika. Wani masallaci ne ya ba shi tabarma a ɗakin ajiya. Da muka ji, guruf ya ɗau zafi, har ni na rubuta maganganun da matata ta sa na goge. Muka tambaye shi me za mu yi masa.

"Ni zan iya da nan," in ji shi. "Baba ne damuwata. Ƙafa ta kwantar da shi, irin shinkafarsa ya isa dashe, ranar Asabar ake sakar wa layin gonakinsu ruwa. In ya wuce, iri ya tsufa, shekarar ta tafi."

Asabar ɗin ta faɗo cikin ranakun da ake sassauta kulle, shi ya sa muka samu fitowa. Ba mu shiga gidan Malam Dattijo, mahaifin Abdulrauf, ba. Saliha, wadda ke koyarwa a kwalejin noma, ta ce mutanen birni ba sa kusantar tsoho a wannan lokaci, kuma gaskiyarta ce. Daga ƙofar gida muka yi gaisuwa, Iya, matar gidan, ta leƙo ta ce irin yana bakin kanal, an kafa masa sanda da jan ƙyalle. Gonar kuwa ba mu ma tambaya ba, tunda Abdulrauf ya turo mana alamarta a taswirar waya. Mu da ilimi, ina ruwanmu da kwatance?

Muka cire iri, muka bi waya har ta tsaya a kan wata gona da aka riga aka kwaɓe, ruwa kwance a kowane fangali. Saliha ta fito da igiya mai ƙulli-ƙulli, ta ce layi za a yi, tazara daidai, kamar yadda aka koya mana. Ta dinga yi mana tsawa kamar 'yan aji ɗaya. Bayana ya ƙage, takunkumina ya zama na laka, amma wallahi da azahar ta gota gonar ta yi kyau. Muka jeru ana ɗaukar hoto.

Muna cikin hoton wani dattijo ya zo a kan keke, ya jingine shi, ya tsaya yana kallon layukanmu.

"Sannunku da aiki, 'yan boko. Wa ya sa ku?"

"Baba, gonar Malam Dattijo ce muka dasa masa," na ce, har da ɗaga kafaɗa.

"Ta Dattijo ga ta can." Ya nuna gonar da ke maƙwabtaka, kwaɓaɓɓiya, ko tsinke babu a ciki. "Wannan tawa ce. Hambali sunana. Gobe nake shirin dasa ta."

Iri ya ƙare tas, ruwa kuma da la'asar za a rufe. Saliha ta kalli wayar, ta kalli igiyarta, ta ce a hankali ko za mu tuge mu mayar.

"'Yar nan, a makaranta aka ce muku ana tuge dashe sau biyu a yini?" in ji Baba Hambali. "Rabi zai mutu. Wai ma ina shi ɗan Dattijon, da ya turo ku da waya?"

Na gaya masa komai, jakar da ke bakin titi, otal ukun, tabarmar masallaci. Ban ƙara gishiri ba, abin bai buƙata. Ya murza gemu.

"Saboda fatarsa?"

"Saboda fatarsa, Baba."

"Yaron da yake kai min ruwa gona ranar da nake kasuwa?" Ya tsuguna ya gyara wani dashe da ya karkace. "To ku bar ta. Bana wannan ta Dattijo ce, ni zan dasa nawa a tasa. Da kaka kowa ya yanke abinsa. An kore shi daga ɗaki a can, ni ba zan kori shinkafar ubansa daga gonata ba."

Ban san lokacin da na cire hula ba. Na yi godiya har bakina ya bushe, ya ce in godiyar gaske ce mu dawo gobe da igiyar nan, don layin ya burge shi. Mun dawo, mu goma sha ɗaya, kuma wannan karon shi ya nuna mana gonar da yatsa.

A bakin kanal na kira Abdulrauf. Na ba shi labarin wautarmu, ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun muna makaranta. Da na maimaita masa maganar Baba Hambali sai dariyar ta ɗauke. Na ɗauka layi ne ya yanke, har na duba wayar.

"Mudassiru," ya ce, "sake faɗa min abin da ya ce."

Na sake faɗa masa.