Barira Ba Ta Iya Tagumi Ba

Zunnuraini ya taso daga Katsina da kyamarar aro, gobe da safe zai mayar. Malamarsu a makarantar koyon fim ta ce kowa ya ɗauko mace a fim, kuma a kansa za a ba da makin ƙarshe. Shi kuwa bai ga wadda zai ɗauka ba sai uwarsa Barira, mai sarin wake a bakin iyakar Jibiya.

Ya sa ta ɗaura atamfar Sallah, ya shimfiɗa mata tabarma gefen rumfa, ya ce ta yi tagumi tana kallon hanyar Maraɗi. Ta tambaye shi wa ya rasu. Ya ce ba kowa, ai haka mata ke yi a fim, in ba kuka ba to jiran miji.

"Babanku yana gona a Farfaru, jiran me zan yi mashi?"

Amma ta zauna. Ɗanta ne, kuma makinsa ne. Sau huɗu ana sakewa, wai hararar hanya take, ba tagumi ba.

Ana cikin na biyar sai ga motar Manu, direban da ke kawo mata kaya daga Nijar. Barira ba ta san sadda ta miƙe ba. Ta kwance bakin buhu, ta tura hannu can ƙasa, ta ciro ƙwaya ta gatsa. Busasshen wake ƙas yake yi a haƙori. Wannan lotsewa ya yi.

"Malam Manu, ka ji tsoron Allah. Ɗanye a ƙasa, busasshe a sama?"

Ta sa 'yan dako suka sauke buhu goma sha biyu, ta gatsa kowanne, ta mayar da uku. Sai da aka kira la'asar ta tuna da yaron. Atamfa duk ƙura, rana ta karkata, ta ɓata mashi aiki.

Ta same shi tsugune yana kallon kyamara yana dariya. Ashe bai kashe ba. Ya nuna mata, ya ce wannan zai kai.

Ta daɗe tana kallon matar nan mai ba maza shida umarni. Ba ta taɓa ganin irinta a fim ba.

"Kai shi," ta ce. "Amma ka yanke wurin da mayafina ya zame."